Abin da Motar Ɗahiru Ta Sha

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Wurno da Goronyo a shekarun nan ya san Ɗahiru direba. Ko bai san sunansa ba, ya san muƙamuƙinsa da ya karkace gefe ɗaya. Baƙi kan ɗauka ɓarayin daji ne suka yi masa haka, amma ba su ba ne, nasu tabon yana cinya, wando ya rufe shi. Ni Attahiru bakanike, mai gareji a bayan tashar Wurno, a gabana aka karkata muƙamuƙin nan. Kuma tun da ya sayi motarsa ba wanda ya taɓa kwance mata ko noti sai ni, saboda haka in na ba da labarinsa ba ji na yi a gari ba.

Ɗan Magarya ne, ɗan farin Inno. Mahaifinsa manomin albasa ne mai sanyin hali, har yau ban san inda Ɗahiru ya gado zuciya ba. Tun muna yara hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ya fara da dakon buhuna a kasuwar Goronyo, a can ƙirjinsa ya buɗe, daga nan ya bi manyan motoci kudu, ya dawo da lasin tuƙi da tabo a goshi. Ya mari kamasho, ya mari fasinja, ya taɓa marin jaki don ya tsaya masa a tsakiyar titi. Ni ma na sha nawa kason ba sau ɗaya ba, kuma wallahi galibi ba ni da laifi. Duk da haka ina ƙaunarsa, don bai taɓa ganin mota ta mutu a daji ya wuce ta ba, ko ta wanda suka yi faɗa jiya ce. Mutum ɗaya ne a duniya yake durƙusa wa, Inno. In ta yi magana sai ka ga ƙaton nan ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa.

Su biyu ta haifa maza. Ƙaramin, Nasrullahi, ɓarayin daji suka harbe shi a kan babur yana dawowa daga Rabah, suka tafi da babur ɗin suka bar shi a kwalta. Tun daga ranar Inno ta daina barci sosai. Ta roƙi Ɗahiru ya bar tuƙi, ya ce mata in ya bari gidan zai kwana da yunwa. Da ta ga ba zai bari ba sai ta koma ga abin da ta sani. Kullum kafin ya fita sai ta miƙa masa rubutun tsari a kofi, ya durƙusa ya shanye yana yamutsa fuska, sannan ya tada mota.

Hanyarmu ta canza hali. A da direba mai gudu shi ake zagi, yanzu shi fasinja ke nema. Akwai wurare tsakanin Goronyo da Wurno da daji ke matso titi, kowa ya san su, in an iso sai hira ta mutu a cikin mota, direba ya danne totur har ƙasa. Babur ɗin ɓarayi ba ya kamo mota mai lafiya a kan kwalta. Abin da ya sa motar Ɗahiru ke cika kafin ta kowa ke nan, don ba ta da kyan gani amma tana da ƙafa.

Bayan girbin gero ƙafar ta fara gazawa. A cikin gari lafiyarta lau, in an bar ta a silo, tana tsaye inji na aiki, ko gyangyaɗi ba ta yi. Sai an hau babban titi, an sa giyar ƙarshe, an nemi gudu, sai ta shaƙe, ta fizga, ta yi tari, gudun ya dinga zubewa kana danna totur tana ƙi. In ya tsaya ya kashe ta ya sake tadawa sai ta tafi kamar ba ita ba. Irin wannan ciwo shi ne ya fi ba bakanike haushi, don a gareji mota ba ta nuna shi, sai ta mayar da kai maƙaryaci a gaban mai ita.

Inji a kan gudu abu huɗu yake nema: iska ta shiga, wuta ta kama, mai ya iso da yawa, hayaƙi ya fita. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Matatar iska na kakkaɓe ta, ba ta toshe ba. Filogi na canza su duka, na duba wayoyinsu. Salansa na kwance na leƙa, hanya a buɗe take. Saura mai. Na cire filta na busa ta cikin farar kwalba, na ɗaga a rana, sai ga ruwa ya kwanta a ƙasan fetur, ruwa mai duhu. Na ɗauka tsatsar tanki ce ta rina shi.

Na ce masa, "Ruwa na cikin manka. Ina kaka shan mai?"

Ya zabura. Ya buɗe but ya ɗauko wil-sifana, ƙarfen kwance taya, ya nufi bakin titi.

A gindin darbejiyar da ke ƙofar tasha Lauwali ɗan bumburutu ke kasa jarkokinsa. Siririn mutum ne mai in'ina, wanda ko kuda ya sauka masa a hanci sai ya yi shawara kafin ya kore shi. Kafin in iso Ɗahiru ya tuntsurar da jarkoki, fetur na malala a ƙasa, ya shaƙe shi ya haɗa da bishiya. Lauwali na ƙoƙarin rantsuwa, in'ina ta riƙe masa harshe, Ɗahiru kuma ya ɗauki shirun a matsayin amsa laifi. Ya ɗaga ƙarfen, Lauwali ya tare da hannun hagu. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Mu da yawa muka taru kafin muka ɓamɓare shi, aka ɗauki Lauwali zuwa wurin mai ɗori yana ta maimaita cewa mansa tsarkakakke ne.

Na zuƙe man tankin da tiyo, na sa sabuwar filta, Ɗahiru ya koma shan mai a gidan mai. Mota ta yi 'yan kwanaki tana gudu, sannan ciwon ya dawo, har ya fi na da. A nan na san ba Lauwali ba ne, na kuma faɗa masa. Na ce ya ajiye ta in sauke tankin gaba ɗaya in ga cikinsa da idona.

Ya ce, "Gobe kasuwag Goronyo. In na dawo ka sauke."

Na ce, "Motar da ba ta gudu ba a bin wagga hanya da ita, Ɗahiru."

Ya dube ni irin kallon da mari ke biyo baya, sai na ƙyale shi. Na san halin mutumina.

Abin da ya faru washegari daga bakinsa da bakin waɗanda suka tsira na ji. Bayan la'asar suka taso daga Goronyo, mota cike, buhunan albasa a sama. A gaba kusa da shi Abdulƙadiri ne, wani mai fataucin albasa ɗan Rimawa, mutum mai barkwanci da kowa a tasha ya sani. Sun shigo inda daji ya matso titi sai ga babura sun ɓullo ta dama, goyon biyu-biyu, fuska a naɗe. Da sauran tazara, mota mai lafiya da ta wuce su ba ko waiwaye. Ɗahiru ya danne totur. Ta ɗauka, ta ɗauka, sai ta shaƙe. Ya sauke giya, ta yi tari, ta fizga, ta fara rarrafe. Ya ce yana kallonsu a madubi suna girma, yana dukan sitiyari yana zaginta, mata a baya suna salati.

Harsashin farko ya fasa gilashin baya. Na biyu ya shiga ta wuyan Abdulƙadiri, jininsa ya wanke wa Ɗahiru fuska har bai ganin titi. Motar ta gangara gefe ta mutu. Ɗahiru ya fito da wil-sifanarsa, ya sami na farkon da ya iso a kafaɗa ya kayar da shi daga babur, na biyu ya harbe shi a cinya, suka bi shi da gindin bindiga har ya daina motsi. Suka kwashe abin da za su kwasa, suka kora fasinja biyu cikin daji, suka bar shi kwance kusa da taya suna zaton ya mutu.

Bai mutu ba. Yana asibiti aka jawo mini motar, kujerar gaba ta bushe da jini, ƙudaje sun cika ta. Kafin in taɓa ta gari ya riga ya gama bincikensa. Wa ke da ƙullin Ɗahiru? Lauwali. Wa ya san harkar mai? Lauwali. Ina motar ke tsayawa in ana lodi? Daf da darbejiyarsa. Sai aka ce shi ke zuba mata ruwa don ta mutu a hanya, shi ke kuma ba ɓarayi labari. A garuruwanmu yanzu in aka kira mutum infoma, likkafani kawai ya rage. Na tsani wannan kalma, don na ga yadda take cin mutane ba tare da an tambaye su komai ba.

Ranar da Ɗahiru ya tsere daga gadon asibiti yana dogara gora, ranar matasan da ke sintirin gari suka kama Lauwali suka ɗaure a wani shago cikin tasha. Daga garejina ina jin dukan, ina jin yana in'ina. Aka ce 'yan'uwan Abdulƙadiri sun taso daga Rimawa, su ake jira. Ba ni da ƙarfin shiga tsakani, abin da na iya shi ne sifana, sai na shige ƙarƙashin motar na sauke tanki.

Na buɗe shi na zaro famfon mai. A gindinsa akwai 'yar rariya mai tace datti, na same ta ta yi baƙi ƙirin, wani abu mai danƙo ya like ramukanta. A kwancen tankin kuma baƙin ruwa ne. Nan ciwon ya fito fili. A cikin gari famfo ɗan kaɗan yake zuƙa, sauran ramukan sun ishe shi. A kan gudu yana neman mai da yawa, rariya ta hana, gargada kuma ta tada ruwan ƙasa ya shiga inji. Abin da ban gane ba shi ne danƙon, don tsatsa ba ta danƙo, ruwan rijiya ma haka. Na dangwala na shinshina, na kai bakin harshe. Gawayi ne da ƙaro, ɗanɗanon da duk wanda ya taɓa wanke allo ya sha ya sani.

Ina tsugune da rariyar a hannu aka yi sallama. Inno ce, ta biyo motar kasuwa daga Magarya don duba ɗanta, an ce mata ya bar asibiti. Na wanke hannu na durƙusa na gaishe ta. Da yake ɗan farinta ne ba ta kama sunansa.

Ta ce, "Attahiru, motar abokinka ta wagga?"

Na ce, "Ita ta, Inno."

Ta zagaya ta tana kallon ramukan harsashi, sannan ta kwance bakin zanenta ta fiddo gorar roba cike da baƙin ruwa. Ta ce, "Buɗe man bakinta in ba ta. Rannan rubutun bai isa ba, shi nib ba mai yawa, ita ɗan guntu. Ka ga shi ya tsira, ita ko ta kasa. Laihina na. Yau na kawo mata nata cike."

Na ce, "Inno, tun yaushe kinka hwara ba ta?"

"Tun bayan girbi. In ya tahi masallaci da asuba nika buɗe murhin. Malam yayyahi yac ce a yi mata ga jiki, nic ce yayyahi ai rana ka shanye shi. Ubanai in za shi tahiya da jaki, cikin ruwan sha shika zuba mai. Abin da ka ɗaukar mutum ai sai shi sha."

Tausayinta ya kama ni har na kasa duban fuskarta. Na sa hannu biyu na karɓi gorar, na ce ta bar mini, ni zan ba ta in na gama gyara. Ta sa mini albarka. Na haɗa ta da mai babur ya kai ta gidan 'yar'uwarta a can cikin gari, nesa da tasha, na ce abokina zai same ta a can.

Na sami Ɗahiru a ƙofar tasha, ya jingina da gora, wandonsa ya jiƙe da jinin cinyar da ta ɓalle, adda a ɗaya hannun. Na ja shi bayan wata tirela, ya biyo ni yana huci. Na miƙa masa rariyar.

Ya ce, "Mi na wanga?"

Na ce, "Abin da ak kashe motakka. Lasa."

Ya harare ni, amma ya lasa. Na ga fuskarsa ta canza, don kullum da wannan ɗanɗano yake fita gida. Na nuna masa gorar rubutun, ya gane ta, ya gane ƙullin ledar da ke bakinta. Na faɗa masa abin da Inno ta ce, ban rage komai ba. Ya saki addar ya cakumi wuyan rigata, ya ɗaga hannu. Na rufe ido ina jira, marin bai sauko ba. Da na buɗe ido, hannun na nan a sama.

Ya ce a hankali, "In taj ji da hannunta anka kashe mutumin ga, ba ta kai Juma'a."

Na ce, "In kay yi shiru, Lauwali ba shi kai magariba."

Ya karɓi gorar ya cusa a aljihun ciki, ya bar addar a ƙasa, ya ɗingisa ya shiga tasha.

An riga an fito da Lauwali an zaunar a tsakiyar fili. Ɗorin hannunsa ya kwance, idonsa ɗaya ya rufe, bakinsa na zubar da jini. Mutanen Rimawa sun iso, a gabansu Mode, yayan Abdulƙadiri, riƙe da gora mai ƙarfe a kai. Da aka ga Ɗahiru sai aka dare masa hanya, kowa na zaton shi zai fara.

Ya tsaya tsakanin Lauwali da Mode ya ce, "Ku kwance shi. Ba shi na ba. Tun da nik karya mai hannu ban sake shan mai wurinai ba. Ruwan daga jarkata yas shiga, wadda nika ɗebo ma lagireto ruwa, ita nika aje mai ciki. Kuma na san motar ba ta gudu. Attahiru ya ce in aje ta, niƙ ƙi, nil loda mutane. Ni ak kai ɗan'uwanku."

Rabin maganar ƙarya ce, rabi gaskiya, kuma gaskiyar ta fi nauyi. Mode ya juyo gare ni ya ce, "Bakanike, haka na?"

Na ce, "Na sauke tanki da hannuna. Abin da ac ciki ba na Lauwali na ba. Kuma na hana shi hita da ita."

Mode bai ƙara tambaya ba. Gorarsa ta sauka a muƙamuƙin Ɗahiru, haƙora suka zubo, ya durƙushe. Sauran suka rufe shi da sanduna da ƙafa. Ina kallo, mutumin da ya kayar da ɗan bindiga da wil-sifana ya mayar da hannayensa baya ya harɗe su, bai kare ko fuskarsa ba. Na faɗa kansa, ni ma na kwashi rabona a haƙarƙari, har liman da dattawan tasha suka ratso suka shiga tsakani. A cikin hayaniyar wani ya kwance Lauwali.

Lauwali ya rayu, amma hannunsa bai sake miƙewa ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma Rabah. Ɗahiru ya je har can neman gafara, Lauwali ya saurare shi ya shige gida ya bar shi nan, kuma ban ga laifinsa ba. Fasinjojin da aka kora daji, ɗaya ya dawo bayan watanni, ɗayar har yau ba labari. Labarin jarka ya kai Magarya, Inno ta zaunar da ɗanta ta yi masa faɗan sakaci, yana durƙushe da muƙamuƙi a ɗaure yana gyaɗa kai.

Motar kuwa na wanke tankinta na shanya, na sa sabuwar rariya da filta, na wanke nozul, na kuma samo mata murfi mai makulli. Da muka fita gwaji ta ɗauki titi ba tari ba fizga. Ɗahiru ya koma hanya, yanzu in ya ji ko ƙaramin ciwo a inji sai ya sauke fasinja ya kawo ta. Ban sake jin ya mari kowa ba, jakuna ma sun huta.

Inno ta yi ƙorafin sabon murfi, ta ce ya gagare ta buɗewa. Ya ce mata ta dinga ba shi na motar a gora, shi zai ba ta in ya iso tasha. Har gobe haka suke yi. Kullum da safe yana shan nasa a gabanta, ya biyo ta garejina kafin lodi, ya tsaya jikin motar ya kwance ledar bakin gorar. Na taɓa ce masa ya zuba a gindin bishiya ya huta, ya ce sunan Allah ne a ciki, ba a zubarwa a ƙasa. Sai ya ɗaga kai ya kafa gorar a karkataccen bakin nan, ya tara tafin hannu a ƙarƙashin haɓa yana tare abin da ke zubowa, ya shanye shi duka.